Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ƙungiyoyin Marubutan Hausa da Masu Shirya Gasar Rubutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina kuma iyayena a wannan harka, da yayyena maza da mata da Allah ya ɗora wa jagorancin ƙungiyoyinmu na marubuta, daga Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato da Gusau har zuwa Damagaram da Maraɗi, ina gaishe ku da fatan alheri. Ku yi mini afuwa da na kawo maganar nan ta rubutu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato waɗanda ake ba umarni su yi wa mutum rubutu, bainar jama'a maimakon in bi ku ɗaya bayan ɗaya. Na ga ta fi ƙarfin zaure ɗaya, kuma waɗanda ta fi shafa, wato ƙannenmu da ke rubutu a waya, ba sa zuwa tarukanmu.

A bara aka ba ni aikin tankaɗe da rairaya na zagayen farko a wata gasar gajerun labarai. Wata rana da daddare, ba wuta, ina kwance a tabarma ina bin labaran a waya, sai na faɗa kan wani da ya ɗauke ni tun daga sakin layi na farko. Labarin wata yarinya ce da aka kai ta aikatau birni. Jigo mai kyau, tsari ba laifi. Ina cikin tafiya, a tsakiyar shafi na uku, tsakanin kukan yarinyar da shigowar uwar ɗakinta, sai ga wannan layi zaune daram: "Tabbas! Ga ci gaban labarin, tare da ƙarin motsin rai kamar yadda kika nema." Na tashi zaune. Na koma farko na sake karantawa da wani idon daban, sai abubuwan da na tsallake suka riƙa fitowa. Yarinyar ta ga wanda take so, "zuciyarta ta tsallake bugu ɗaya". Uwa, a ƙauye, tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa na yanka, sau uku a shafi ɗaya, ba kunya ba alkunya. Amarya ta dubi surukarta ta ce mata "ke". An tashi da hazo da sanyin hunturu, kafin azahar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sannan kakar yarinyar ta rufe da karin magana: "Kogin da ya manta mafarinsa zai ƙafe." Magana ce mai hikima, amma ta Yarbawa ce da ta biyo ta Turanci ta iso mana. Ba tsohuwar Bahaushiyar da ta taɓa faɗar ta a gindin murhu.

Da na kai maganar gaban sauran alƙalai, sai muka tarar ba mu da abin kamawa. Wani ya ce a yi watsi da labarin, a kuma saka sunan marubuciyar cikin waɗanda ba za a sake karɓar aikinsu ba. Wata ta ɗauko takardar ƙa'idojin gasar ta karanta mana daga sama har ƙasa: adadin kalmomi, shekarun mai shiga, kada labari ya taɓa fitowa a wani wuri, kada a saci na wani. Babu inda aka ambaci na'ura. Ta ce, to na wa ta sata? Muka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba. Wannan zaman ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kafin in ci gaba, bari in fara da kaina, don wanzami ba ya son jarfa. Ni ma ina amfani da waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira. Suna taimaka mini wajen tsara wasiƙar neman tallafi da Turanci, suna taƙaita mini dogon rahoto, wani lokaci in labari ya cije in zauna in yi ta muhawara da su kan me ya kamata tauraron ya yi. Kuma sun taɓa kusan ja mini abin kunya. Ina rubuta muƙala kan wani mawaƙinmu da ya riga mu gidan gaskiya, na nemi manhajar ta tuna mini wani baiti nasa kan haƙuri. Nan take ta kawo baiti biyu, da amsa-amo, da sunan waƙar da shekarar da aka yi ta. Har na saka a muƙalar. Allah ya taimake ni na karanta wa wani dattijo da ya haddace waƙoƙin mutumin. Ya saurara, ya yi shiru, ya ce, "Yaro, wannan ba bakinsa ba ne." Na bincika, babu waƙar, babu baitin. Da ya fita, da na ɗora wa mamaci maganar da bai faɗa ba, kuma da sunana za a riƙa kafa hujja.

Ya kamata mu fahimci abin da muke hulɗa da shi. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, sannan Gemini da sauransu suka biyo baya, har Meta AI ya shigo cikin WhatsApp ɗinmu a 2024, mutane da yawa suna ɗaukar abin kamar wani shehin malami ne da ya haddace littattafan duniya. Ba haka yake aiki ba. An ɗura masa rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ya koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. In ka tambaye shi, jera maka kalmomin da suka yi kama da amsa yake yi. Sau da yawa amsar takan dace da gaskiya, wani lokaci kuma ta kauce, kuma da murya ɗaya yake faɗar duka biyun, ba ɗar ba in'ina. Ga kuma matsalar da ta keɓanta da mu: abin da ya haɗiya na Turanci teku ne, na Hausa kuwa bai fi cikin cokali ba, kuma cikin ɗan abin nan kaso mai yawa labaran duniya ne da aka fassaro daga Turanci, ga wanda aka buga ba tare da ƙugiya ba. Shi ya sa yake tunani da Turanci ya sa wa tunanin rigar Hausa. Shi ya sa za ka ga ya rikita ƙasa da kasa, ɓata da bata, ya fara labari da "ta" ya ƙarasa da "ya" a kan mace ɗaya. Alkunya kuwa, da wasan tobasai, da yadda ake gaida mai jego, da bambancin maganar Basakkwace da ta Bakano, waɗannan ba a rubuta su da yawa ba balle ya koya. A bakin mutane suke.

Wasu sun riga mu cin karo da wannan, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Fabrairun 2023 wata mujallar ƙagaggun labarai ta Amurka, Clarkesworld, ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci, bayan da aka turo mata sama da labarai 500 da na'ura ta rubuta a cikin watan kaɗai. A Yunin shekarar wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙiro musu, waɗanda ba a taɓa yi ba. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ce a karanta, ashe 10 daga ciki babu su a duniya, an dai jingina su ga marubuta na gaske. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Japan. A Janairun 2024 wata marubuciya, Rie Kudan, ta lashe kyautar Akutagawa, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan adabin ƙasar, kuma da bakinta ta shaida wa 'yan jarida cewa kusan kashi 5 cikin 100 na littafin kalmomin na'ura ne. An yi surutu sosai, amma ba a ƙwace kyautar ba. A ganina abin da ya raba ta da lauyoyin nan biyu ne: ta san kowane layi da ke cikin aikinta, kuma ba ta jira an kama ta ba.

Na san a cikinmu akwai masu cewa a haramta abin gaba ɗaya, a huta. Ina girmama ra'ayinsu, amma ban bi su ba. Na farko, ba za mu iya ba. Abin yana cikin aljihun kowace yarinya mai wayar hannu. Na biyu, aro ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Ƙagaggen labarin boko na Hausa ma da gasa ya fara, wadda wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, ta fito mana da su Abubakar Imam, Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuma duk ɗalibin adabi ya san cewa labarai da dama na cikin Magana Jari Ce, Imam ya samo tushensu ne daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Turai. Wa ya taɓa karanta littafin ya ji ƙamshin baƙunta? Ya jiƙa su, ya dake su a turminmu, ya sa musu sarakunanmu da fadawanmu da kasuwanninmu, har suka zama namu fiye da na masu su. Wannan aikin, na daka da tankaɗe, shi ne rubutu. Wanda ya kwafo daga manhaja ya liƙa, aikin nan ne ya tsallake, shi ya sa kayan aron ba ya rufe masa katara.

Kuma ba daga waje za mu aro ladabin faɗar inda aka samo abu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Mawaƙanmu na da in za su yi tahamisi, su ƙara ɗango uku a kan kowane baiti na wani, sai sun faɗi mai asalin waƙar. A ƙarshen waƙa kuma mai ita yakan sa sunansa, yana cewa ga wanda ya yi ta, in an ga kuskure a san wanda za a tuhuma. Wannan al'adar nake roƙon ku farfaɗo da ita ku shigar cikin ƙa'idojinmu.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Kowace gasa, kowace mujalla, kowane kundin labarai da ƙungiya za ta fitar, a rubuta ƙarara abin da aka yarda da shi da abin da ba a yarda ba, tun kafin a buɗe ƙofar karɓar aiki, don ba a fafe gora ranar tafiya. A bambanta tsakanin wanda ya rubuta abinsa da hannunsa sannan ya nemi na'ura ta duba masa kurakurai ko ta taya shi tunani, da wanda na'ura ta rubuta masa shi kuma ya sa suna. Ko kamfanin Amazon, da kasuwanci kawai ya dame shi, tun Satumban 2023 ya yi wannan bambancin ga masu buga littafi a dandalinsa: wanda na'ura ta samar masa da rubutun dole ya bayyana. A gasar ƙagaggen labari da ta waƙa, ni dai ra'ayina a ce jimlolin su zama na marubucin ne, domin abin da ake aunawa ke nan. A sa layi ɗaya a takardar shiga: ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira? A ina, kuma ta yaya? Kada amsa "e" ta zama laifi a kan kanta, in ba haka ba kowa "a'a" zai ce, mu koya wa yaranmu ƙarya da hannunmu. Laifin shi ne ɓoyewa. Sannan duk abin da ya fito ƙarƙashin sunan mutum, shi ke da alhakinsa. Aya ce, hadisi ne, shekarar da aka yi wani yaƙi ce, sunan wani sarki ne, maganin gargajiya ne da aka sa a bakin wata tauraruwa, babu wanda zai zo daga baya ya ce na'ura ce ta faɗa masa. A nan ina ƙara jan hankalin masu rubutun faɗakarwa: kada a ɗauki aya ko hadisi daga bakin manhaja sai an buɗe littafi an gani, ko an kai wa malami.

Ina kuma roƙon ku, don Allah, kada ku dogara da manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan a farkon 2023, bai kai ƙarshen Yulin shekarar ba ya janye shi saboda yawan kuskurensa. Wasu masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun ɗaliban da Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su, sai suka tarar fiye da rabin rubutun an yi masa ƙazafin cewa na na'ura ne. In haka abin yake a Turanci, ina ga Hausa? Ranar da muka kori yarinyar da ta kwana uku ba barci tana rubutu saboda wata manhaja ta nuna ja, mun yi zaluncin da ba za mu iya gyarawa ba, kuma wataƙila mun kashe marubuciya. Muna da hanyar da ta fi wannan. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe a kira shi, ko a waya ne, a yi hira da shi ta minti goma kan labarinsa. Me ya sa Talatu ba ta gaya wa uwarta ba? Ina ka taɓa ganin irin wannan gidan? Wanda ya haifi labari ba ya rasa amsa, har ma sai an ce masa ya isa. Wanda ya ɗauko reno kuwa, a tambaya ta biyu yake tsayawa.

Akwai wani gefen da ba a cika magana a kai ba, kuma mu manya ya fi shafa. Alƙalin gasa ko edita da aka damƙa masa rubutun wani amana, ya kwashe shi ya zuba wa manhaja don ta taƙaita masa ko ta ba shi maki, ya san inda rubutun ya tafi? Ya nemi izinin mai shi? Labarin da ba a buga ba dukiyar mai shi ne, kuma da yawa daga labaran da matanmu ke turowa rayuwarsu ce suka sauya wa suna. In za mu hana yara, mu fara hana kanmu. A rubuta a ƙa'ida cewa mutum ne zai karanta, mutum ne zai yanke hukunci.

Abin da ya fi hana ni barci kuwa shi ne harshen kansa. Ku leƙa zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook inda ake sakin labarai shafi-shafi, inda marubuciya ke da masu jiran ta kowane dare, wasu ma sun biya kuɗi. Matsin da take ciki na gaske ne, kuma na fahimci abin da ke tura ta ga manhaja. Amma a can ne yanzu ake koyon karatun Hausa, fiye da aji. Yarinyar da ta karanta "zuciyarta ta tsallake bugu" sau ɗari, gobe ita ma haka za ta rubuta, ta manta da "gabanta ya faɗi" da ta ji a bakin uwarta. Sannan wannan gurɓataccen rubutu ya koma intanet, na'urorin gobe su haɗiye shi a matsayin Hausa, su dawo mana da shi ya ƙara lalacewa. Ruwan wanki ne ake mayarwa cikin randa. Dubarar da na gani ita ce mu yawaita ruwa mai kyau: tsofaffin littattafanmu na shekarun 1980 da 1990 da ke ruɓewa a shaguna, da izinin masu su da haƙƙinsu, a mayar da su rubutun kwamfuta da ƙugiyoyinsu daidai. A riƙa shirya bita, ba ta koyar da yadda ake ba na'ura umarni kaɗai ba, har da zama a ɗauko shafin da ta rubuta a fede shi layi-layi, a nuna wa matasa inda Turanci ya ɓuya a ƙarƙashin Hausar. Sassan Hausa na jami'o'inmu, irin su Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, suna da masanan da za su taya mu in mun nema. Ina kuma ganin ya dace ƙungiyoyinmu su haɗu su fitar da matsaya guda, ko da shafi ɗaya ce, don kada abin da wannan gasa ta haramta ya zama halal a waccan.

Game da yarinyar nan mai labarin aikatau, bayan an gama gasar na nemi izini na kira ta. Da farko ta yi shiru, na ɗauka ta kashe wayar. Can ta ce, "Malam, wallahi labarin nawa ne, abin da ya faru da 'yar gwaggona ne. Gani na yi Hausata ba ta littafi ba ce, shi ne na ce ya gyara mini." Na ce ta manta da littafi, ta ba ni labarin da baki kamar yadda za ta ba ƙawarta. Da daddare ta turo saƙon murya na kusan minti ashirin. A ciki ne na ji yadda uwar ɗakin ke kulle kicin da kwaɗo in za ta fita, da yadda yarinyar ke ɗaure kuɗin aikinta a bakin zane, da yadda uwarta ta juya baya a tasha don kada a ga idonta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a labarin da ta turo gasa. Na'urar ta share su ta sa kogi. Na ce ta zauna ta rubuta abin da ta faɗa, kalma da kalma, in ta gama ta turo mini mu duba ƙa'idojin rubutu tare. Ta turo shafi huɗu ya zuwa yanzu, kuma ta tambaye ni ko za a bar ta ta sake shiga bana. Na ce mata zan tambayi manya.

To ga shi na tambaya. Ina roƙon ku saka wannan batu cikin ajandar zamanku na gaba, kafin a buɗe gasannin bana.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya bar zumunci.

Wassalam.

Naku,
Ɗalibinku kuma ɗan'uwanku a harkar rubutu, daga Kano.